Ruwan kumfar yara: me ya sa nawa ba ya tashi?

Uwar Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a agaza mini, tagwayena sun hana ni sakat. Ƙanena ne ya zo hutu ya kawo musu bindigar kumfa irin mai batir ɗin nan, kowa da tasa. Ruwan da ya zo da ita ɗan mitsitsi ne, ko la'asar bai kai ba suka ƙarar. Tun shekaranjiya nake haɗa musu da kaina. Na fara da omo, na kaɗa sosai har kumfa ta cika roba, amma bindigar sai tsartuwa take yi kamar mai mura. Na koma sabulun sanda, na kankare na jiƙa, shi kuma ya toshe bakin guda ɗaya. Jiya na gwada sabulun wanke-wanke na ruwa, to wannan ya ɗan yi, sai dai kumfar ba ta kai kamu ɗaya daga bakin bindigar take fashewa. Babban cikinsu har cewa ya yi ban iya ba, a kira kawu. Me nake ɓatawa ne?

Maman 'Yan Mata: Wa alaikumus salam. Ki ƙara suga, Anti. Cokali biyu a kofi ɗaya. Haka nake yi.

'Yar Agege: Ni ko suga ba na sawa. Morning Fresh da ruwa kawai, kofi shida na ruwa, kofi ɗaya na sabulu. Kumfar har katangar maƙwabta take tsallakewa. Ina ga dai hannu ne, wani hannun ba ya karɓar haɗi 😂

Uwar Tagwaye: Haba ƙanwata, hannun da yake yin alkaki da dubulan shi ne zai kasa ruwan sabulu? Wallahi awon da kika faɗa shi na yi jiya.

Malamin Kimiyya: Maman tagwaye, kafin a ɗora wa hannunki laifi, a wane gari kike, kuma da ƙarfe nawa kuke wasan?

Uwar Tagwaye: Kano, Malam. Bayan azahar, a tsakar gida, in sun dawo daga islamiyya ta safe.

Malamin Kimiyya: To ai shi ke nan, an kama ɓarawo. Hunturu ne. Ita 'Yar Agege tana Legas, bakin teku, iskarsu a jiƙe take. Ke kuwa kina tsakiyar buji, lokacin da ake shanya zani a igiya kafin ki juya ya bushe ƙarau. Abin da ke busar da zanin shi ke fasa kumfar.

Bari in ɗan yi bayani. Fatar kumfa hawa uku ce: sabulu a waje, sabulu a ciki, siririn ruwa a tsakaninsu. Siririn nan ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Muddin ruwan tsakiyar yana nan, kumfar tana nan. Abu biyu ne ke cinye shi. Na farko, nauyi yana janyo shi ƙasa, saman kumfar ya yi ta sirancewa. Na biyu, iska tana shanye shi. A Legas iskar ta ƙoshi da laima, ba ta da ƙishirwa. A Kano cikin watan Disamba ko Janairu, da rana tsaka, iskar kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba take. Ga kuma ƙura, kowane ɗan ƙwayar ƙura busasshe da ya sauka a jikin kumfa tamkar tsinin allura ne.

Ɗan Damagaram: Malam ya yi gaskiya. Mu nan Zinder abin ya fi haka. Na sayo wa ɗiyata irin ta kwalba mai ɗan zobe, da rana ba ta yin komai, amma da asuba bayan salla ta hura guda ta bi ta har ƙofar gida.

'Yar Agege: To ashe ba gwaninta ba ce, teku ce take mini aiki. Na janye maganar hannu, Yaya, a yafe mini.

Alhaji Mai Shago: Ni fa ban gane ba. A wannan tsadar, sabulun da za a wanke kwanukan sati guda da shi ne za a ba yara su hura wa iska? Mu da muna yara wa ya taɓa haɗa mana wani ruwa? Ragowar ruwan wankin iya muke sata, mu samo karan ganyen gwanda, mu yi ta busawa. Ba mu mutu ba, kuma mun ji daɗi.

Gwaggon Kowa: Alhaji ka tuna mini da nisa. Karan gwanda ai shi ne babbar bindiga a zamaninmu, tunda cikinsa rami ne tun daga sama har ƙasa. A yanke kai da gindi, a tsoma gefe ɗaya. Wanda bai samu gwanda ba ya cire ran biro ya yi amfani da ƙwanson. Amma mu a ƙauyenmu ko sabulu ba ma nema. Bini-da-zugu da ake shinge da shi, in ka karya ganyensa wani ruwa yake fitowa mai danƙo. Sai mu lanƙwasa siririyar ciyawa ta zama zobe, mu ɗiga ruwan a kai, mu hura a hankali. Ƙanana-ƙananan kumfa suke fita a jere kamar carbi. Dukan da muka sha a kan wannan ba kaɗan ba ne, don in ya ɗiga a riga tabon ba ya fita, ko da me aka wanke.

Sista Nas: Gwaggo, don Allah kada a koya wa yaran yanzu na bini-da-zugun nan. Ruwan ganyen ba shi ne babbar damuwata ba, 'ya'yan itacen ne. Yaro yana gani kamar gyaɗa, ya ɓare ya tauna, kuma ba su da ɗacin da zai sa ya tofar. Daga nan sai amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa. Ba sau ɗaya ba an kawo mana yara gida guda a jere saboda shi. Duk abin da zai ja yaro ya saba da gindin bishiyar nan gara a bar shi a labari.

Gwaggon Kowa: Haka ne 'yata. Ni ma labari na bayar, ban ce a yi ba. Allah ne dai ya tsare mu.

Uwar Tagwaye: Alhaji, in don tsada ce, ka lissafa mini kuɗin data da waɗannan biyun suke cinyewa in na ba su waya don in samu in dafa abinci. Kwana biyun nan da suke bin kumfa a tsakar gida ko sau ɗaya ba su tambayi wayata ba, kuma ana yin isha'i suke bingirewa. Cokali shida na sabulu bai kai rabin wannan ba.

Alhaji Mai Shago: To in haka ne ban ƙi ba. Amma dai a daina sayen bindigogin nan. Ni nake sayar da kayan wasa lokacin salla, na san cikinsu. Sati biyu batir ya zuba ruwa ko injin ya tsaya. Waya ta ƙarfe a lanƙwasa ta fi su daɗewa.

Maman 'Yan Mata: Mai kaya da kansa yana kushe kayansa, yau mun ga abu 😂

Uwar Tagwaye: Malam, mu dawo kan magana. Hunturu dai ba zan iya korarsa ba. Sai in ce wa yara su jira damina?

Malamin Kimiyya: A'a, akwai dabara. Gilisarin. Wanda mata suke saya a kemis ko shagon kayan shafa suna haɗawa da man shafawa saboda kaushi da faso. Aikin da yake yi wa fatarki shi zai yi wa fatar kumfa: yana riƙe ruwa, ba ya barin iska ta kwashe shi da wuri. Ba sabon ilimi ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Plateau, wanda ya shafe shekaru yana nazarin fatar kumfa ya kuma wallafa sakamakonsa a 1873, da ruwan sabulu mai gilisarin ya yi aikinsa. Abin mamaki, a lokacin ya riga ya makance, 'yan uwa da abokan aiki ne suke kallo suna faɗa masa abin da suka gani.

Ga awon da nake yi wa ɗalibaina: ledar fiya wata guda, wato rabin lita. Cokalin cin abinci biyar zuwa shida na sabulun wanke-wanke. Cokali ɗaya na gilisarin, a hunturu a iya kai shi biyu. Ruwan za ki fara zubawa, sannan sabulu, ki juya a hankali kamar mai tsoron tada barci.

Nan ne kika yi kuskure na biyu. Kin ce kin kaɗa har kumfa ta cika roba. Wannan farar kumfar ta sama abokiyar gaba ce, ita ke hana fatar shimfiɗuwa a bakin zobe. In ta taru ki kwashe ta da cokali ki zubar. Sannan ki rufe ki bar shi ya kwana. Na jiya ya fi na yau kyau.

Maman 'Yan Mata: To Malam sugan nawa fa? Kowa ya share ni.

Malamin Kimiyya: Ba a share ki ba, Hajiya. Suga ma yana rage saurin bushewa, in babu gilisarin ya wadatar. A narka shi da ruwan ɗumi tukuna.

'Yar Agege: Ya wadatar har da tururuwa. Na taɓa yi sau ɗaya, washegari baranda ta yi baƙi da kiyashi, tayil kuma yana kama ƙafa kamar an zubar da lemo.

Maman 'Yan Mata: Ai shi ya sa a ƙasa muke yi, ba a kan tayil ba. Ƙasa ta shanye abinta.

Mai Sabulun Ruwa: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Ni sana'ata ke nan, shekara shida ina haɗa sabulun ruwa ina sayarwa, kayan haɗin kuma a Sabon Gari nake saye. Akwai abin da Malam bai taɓo ba: ba kowane sabulun ruwa ne ɗaya ba. Wanda ake zubawa a gorar ruwa ana sayarwa da araha, da yawa ruwa ne da kala da turare, an sa masa abin kauri don ido ya ga kamar mai ƙarfi ne. Kauri daban, ƙarfin kumfa daban. In irin wannan Anti ta saya, cokali shida ba zai yi mata komai ba, sai ta ninka. Abin da ke ba da kumfa a haɗinmu Texapon ne da salfonik, to su ne masu tsada, su ake ragewa.

Amma ga wani abu da na lura. Ranar da nake haɗi, in na jiƙa Natrosol, garin da ke sa sabulu kauri, ya yi yauƙi, sai yarana su ɗebi kaɗan su zuba a ruwan kumfarsu. Wallahi kumfar da suke yi ta kai girman bokiti, tana tafiya tana lanƙwasa kamar ba za ta fashe ba.

Malamin Kimiyya: Hajiya kin zo da babbar magana. Gilisarin tsawon rai yake ba kumfa, yauƙi kuma girma yake ba ta. Masu yin manya-manyan kumfa a ƙasashen waje abin da suke sawa ke nan, wani garin da ake kira guwa, daga wani irin wake da ake nomawa a Indiya da Pakistan. Ƙwayoyin irin waɗannan abubuwa dogaye ne kamar zare, suna sarƙewa da juna, sai fatar ta yi ta miƙewa ba ta yage ba. Ɗan kaɗan ake sawa, abin da bai kai rabin cokalin shayi ba a lita guda. In ya yi yawa ruwan ya yi nauyi, ya ƙi tashi, bindigar yara kuma ta toshe.

Gwaggon Kowa: Yauƙi kuka ce? To mu da muke da kuɓewa da karkashi da lalo, sai mun je Indiya neman yauƙi?

Alhaji Mai Shago: Shi ke nan, an gama da sabulu an koma kan cefane. Gobe za a ce a sa daddawa.

Malamin Kimiyya: Alhaji kada ka yi dariya, tunanin Gwaggo a kan hanya yake. Yauƙin kuɓewa shi ma dogayen zare ne. A yanka ɗanya guda biyu, a jiƙa a kofin ruwa, a tace da ƙyalle mai kyau don kada ɗigon komai ya shiga. Matsalarsa ɗaya: abinci ne, zai lalace. Na yini guda za a haɗa.

Ɗan Damagaram: Matata ta ji ina karanta wannan, ta tashi ta gwada yanzu da busasshiyar kuɓewa. Sakamako: miya mai kumfa. Garin ya ƙi tacewa, ɗiyata ta ce warin tuwo take ji. A nemi ɗanya, jama'a.

Sista Nas: Na yi dariya har na ƙware. Amma Hajiya mai sabulu, tunda kin ambaci ranar haɗi, bari in yi magana a matsayin ƙanwarki. Ranar haɗi ita ce ranar da bai kamata yaro ya matso kusa ba. Kostik soda da aka jiƙa a roba fari tas yake kamar ruwan sha. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa ne yake ƙonewa, wani ya warke da ƙunci a hanyar abinci, ya yi shekaru yana fama da haɗiya. Wanda ya ga irin yaran nan sau ɗaya ba ya mantawa. In sun saba zuwa ɗiban yauƙi a cikin robobinki, wata rana robar da ba ita ba za su ɗiba.

Mai Sabulun Ruwa: Wallahi Sista kin yi gaskiya, jikina ya yi sanyi. Sodar a ɗaki nake kullewa, amma ban taɓa kawo wannan a raina ba. Daga yau ni zan ɗebar musu in kai musu waje. Kuma in faɗa wa Anti gaskiya ko da sana'ata ce: na yaran da za su kai kusa da baki, ta sayi na kamfani. Namu in hannu ya zarce a soda yana cin fata, wasu kuma suna sa fomalin don kada ya lalace.

Sista Nas: Allah ya saka da alheri. Sauran kaɗan in ƙara. In ruwan kumfar ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara kamar minti goma sha biyar, kada a bar yaro ya murza. In ya haɗiyi kaɗan na wanke-wanke, a kuskure masa baki a ba shi ruwa ya kurɓa. Ban da tura yatsa a maƙogwaro, ban da ɗura manja. In amai ya ƙi tsayawa ko yana tari da sarƙewa, asibiti. Yaron da bai kai shekara uku ba bai san bambancin hurawa da zuƙa ba, kada a ba shi bututu, babba ya hura shi ya bi da gudu, ai nan ma daɗin yake. Kuma don girman Allah kada a ajiye shi a gorar lemo. Yadda yara suke shan kananzir ke nan.

Uwar Tagwaye: Innalillahi, a gorar lemo kuwa na zuba na jiya. Na tashi yanzu na juye a tsohuwar robar sabulun.

Malam tambaya ta ƙarshe. Dole sai fiya wata? Muna da rijiyar burtsatse.

Malamin Kimiyya: Ki gwada ki gani. In ruwanku irin wanda sabulun wanka ba ya kumfa da shi ne, yana barin fari-fari a gindin buta, to yana da gishirin ƙasa da yawa, kalsiyam da magniziyam, suna kama sabulu su hana shi aiki. Shi ya sa sabulun sanda ya ba ki kunya, shi suka fi kamawa, ya zama dusa-dusa, ita ce ta toshe bindigar. Na ruwa ya fi jurewa. Wanda ya fi duka ruwan sama ne, amma wa zai ba ki shi a Kano yanzu.

Sannan ki sauya lokaci. Da sassafe ko bayan magariba, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Ki yayyafa ruwa a tsakar gidan tukuna, ƙura ta kwanta. Kuma ki ce wa tagwayen su zuba wa kumfa guda ido. Za su ga launuka suna yawo a jikinta, kore da shunayya da ruwan ɗorawa, irin na bakin gareji in mai ya zuba a kan ruwa. Kaurin fatar ne yake sauya launin. Can sai saman ya dushe, launi ya ɓace, ya yi kamar baƙin tabo. Da sun ga haka su fara ƙirga, ba za su yi nisa ba za ta fashe. Isaac Newton ma ya zauna ya kalli wannan tabon ya rubuta shi fiye da shekara ɗari uku da suka wuce.

Alhaji Mai Shago: Wato babban mutum da gemunsa ya zauna kallon kumfa.

Malamin Kimiyya: Shi ba shi da gemu, Alhaji. Har yanzu ma ana yi. A 2022 wasu masu bincike a birnin Lille na Faransa sun ba da rahoton kumfar da ta yi kwana 465 ba ta fashe ba. Ruwa da gilisarin ne da wasu ƙananan ƙwayoyin roba, babu ma sabulu a ciki.

Alhaji Mai Shago: Shekara da wata uku ana gadin kumfa. Allah ya ba mu aikin yi.

Admin: Jama'a an kusa sha ɗaya na dare. Maman tagwaye ki haɗa ki kwanar, gobe ki kawo mana rahoto.

Uwar Tagwaye: Barkanmu da yamma. Rahoto. Na haɗa jiya da daddare yadda Malam ya ce, gilisarin ɗin ma a kan madubina na same shi, ragowar na bara. Ƙarfe bakwai na yayyafa ruwa muka fito. Bindiga guda ta mutu murus, Alhaji ka ci gari. Ɗayar kuwa ta yi ta aman kumfa har kan bishiyar dalbejiyar maƙwabta. Wanda tasa ta mutu ya fara kuka, sai babansu ya yanke gindin gorar ruwa, ya sa mata tsohuwar safa ya ɗaure da ƙyauro, aka tsoma aka hura ta bakin gorar. Wata doguwar kumfa ta fito kamar maciji har ƙasa. Yanzu rigimar ta koma kan gora, ba mai son bindigar.

Na gwada ragowar da ƙarfe ɗaya na rana don in gani da idona. Ta fi ta jiya daɗewa, amma ba ta kama ƙafar ta safe ba.

'Yar Agege: Ma sha Allah! A turo hoto.

Uwar Tagwaye: Hoto kuma? Ina cikin neman waya ƙaramin ya yi tuntuɓe da robar, rabi ya tafi a ƙasa. Babansu da ya fito zai tafi kasuwa ya taka wurin, santsi ya kwashe shi, da ƙyar ya dafe bango. Ya ce daga yau a ƙofar gida za a riƙa yi.

Gwaggon Kowa: Ki zuba toka ko yashi a wurin kafin wani ya karye, 'yata. Kuɓewar fa, kin gwada?

Uwar Tagwaye: Guda huɗu gare ni, Gwaggo, kuma yau tuwo za a yi.